Farautar Kayan Nukiliya A Ɓoye: Tsakanin Zato Da Abin Da Tarihi Ya Tabbatar

Gabatarwa

A cikin watan Yuni na shekarar 2025, bayan da Isra'ila da Amurka suka yi ruwan bama-bamai a kan cibiyoyin nukiliyar ƙasar Iran da ke Natanz da Fordo da Isfahan, tambayar da ta fi yawo a bakin manema labarai ita ce, ina yuraniyom ɗin da Iran ta tace ya shiga? Kafin harin dai Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ba da rahoton cewa ƙasar tana da fiye da kilo 400 na yuraniyom wanda aka tace zuwa kashi 60 cikin ɗari. Wasu suka ce ɓaraguzai sun binne shi, wasu suka ce an kwashe shi tun kafin jirage su iso, masu sharhi kuma suka yi ta hasashen yiwuwar tura sojojin ƙundumbala ta ƙasa cikin dare.

Irin wannan hasashe ba yau ya fara ba, domin ya girmi bam ɗin nukiliya na farko da aka tayar a duniya. Wannan maƙala za ta waiwayi wasu daga cikin hare-haren da aka kai a ɓoye a kan kayan nukiliya, ta gwama abin da aka zata a lokacin da abin da ya bayyana daga baya. Mai karatu zai ga cewa zato ne yake haifar da irin wannan hari, zato ne kuma yake biyo bayansa, gaskiya kuwa ba ta cika fitowa ba sai an kwashe shekaru.

Abin da ake farauta

Yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa ba ya yin bam a yadda yake, saboda nau'in da ke iya tarwatsewa a cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Don haka mai neman makamin ƙare-dangi yana da hanyoyi biyu. Ko dai ya yi ta tace yuraniyom har wannan nau'i ya kai wajen kashi 90 cikin ɗari, ko kuwa ya gina tukunyar nukiliya wadda za ta juya wani sashe na yuraniyom ya koma wani sinadari mai suna fulutoniyom, wanda shi ma ana yin bam da shi.

Tukunyar da ke aiki da yuraniyom wanda ba a tace ba tana buƙatar wani abu da zai rage gudun ƙwayoyin da ke fita lokacin tarwatsewa, in ba haka ba wutar ba za ta ɗore ba. Abubuwa biyu aka sani suna yin wannan aiki a farkon al'amari. Na ɗaya shi ne girafait, wato baƙin ma'adinin nan da ake yin bakin fensir da shi, muddin yana da tsarki ƙwarai. Na biyu shi ne ruwa mai nauyi, wanda a ido ba shi da bambanci da ruwan sha, sai dai ya ɗara shi nauyi da kimanin kashi 10 cikin ɗari, kuma samar da shi yana cin wutar lantarki mai ɗimbin yawa. Waɗannan kaya suna da wuyar samu, wuraren yin su kuma ƙalilan ne, shi ya sa abokin gaba yake ganin in ya lalata wuri guda ya karya lagon shirin gaba ɗaya.

Vemork: harin da ya buɗe fage

A watan Disamba na 1938 masana kimiyya biyu na Jamus, Otto Hahn da Fritz Strassmann, suka gano a birnin Balin cewa ana iya tsaga ƙwayar yuraniyom. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sai tsoro ya kama Birtaniya da Faransa, daga baya kuma Amurka, cewa Hitila zai riga kowa mallakar bam ɗin. Jamusawa sun zaɓi hanyar ruwa mai nauyi, kuma daga cikin dalilansu har da wani gwaji da masani Walther Bothe ya yi a 1941, wanda ya nuna kamar girafait ba zai yi aikin ba, alhali kuwa dattin da ke cikin wanda ya gwada ne ya ɓata masa sakamako.

A wancan zamani wuri guda ne a Turai ake yin ruwa mai nauyi da yawa, wato masana'antar kamfanin Norsk Hydro da ke Vemork, kusa da garin Rjukan a lardin Telemark na ƙasar Norwe. A watan Maris na 1940 wani jami'in leƙen asirin Faransa, Jacques Allier, ya yi wuf ya kwashe kilo 185 da ke ajiye a wurin. Wata guda bayan haka, ranar 9 ga Afrilu, Jamus ta mamaye Norwe, masana'antar ta faɗa hannunta, ta kuma ba da umurnin a ƙara yawan abin da ake samarwa. Wannan labari ya isa Landan ta hannun 'yan gwagwarmayar Norwe, cikinsu har da Farfesa Leif Tronstad, wanda da shi aka tsara masana'antar tun farko, ya kuma gudu zuwa Birtaniya a 1941.

Yunƙurin farko ya ƙare da baƙin ciki. A watan Oktoba na 1942 aka sauke 'yan Norwe huɗu da laima a kan tudun Hardanger, ƙarƙashin jagorancin Jens-Anton Poulsson, domin su share fage. Ranar 19 ga Nuwamba sai aka taso da injiniyoyin sojan Birtaniya a cikin jirage biyu marasa inji, waɗanda wasu jiragen ke ja da igiya. Mugun yanayi ya sa duka biyun suka faɗi, tare da ɗaya daga cikin masu jan su. Waɗanda suka tsira daga hatsarin Jamusawa suka kama su suka kashe, bisa wani umurni da Hitila ya bayar na kada a bar sojan ƙundumbala da rai. Mutum 41 suka halaka, Jamusawa kuma suka fahimci abin da ake hari, suka ƙara tsaro.

Mutanen nan huɗu suka ci gaba da zama a kan tudu cikin dusar ƙanƙara har tsawon hunturu, suna rayuwa da naman barewar ƙanƙara in sun samu. Ranar 16 ga Fabrairu, 1943, aka sauke musu ƙarin mutum shida, dukansu 'yan Norwe, shugabansu wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Joachim Ronneberg. Masana'antar tana kan gefen dutse ne a bisa wani kwazazzabo mai zurfin kusan mita 200, hanyar shigarta kuma gada ce guda wadda sojoji ke gadi dare da rana. Jamusawa sun ɗauka babu ɗan Adam da zai iya ratsa kwazazzabon, saboda haka ba su sa masa gadi ba. A daren 27 ga Fabrairu mutum tara suka gangara cikinsa, suka ƙetare kogin da ya daskare, suka hau ɗaya ɓangaren, suka bi layin dogo har ƙofar masana'antar. Ronneberg da wani abokinsa suka kutsa ta ramin da wayoyin lantarki ke bi, suka ɗaura nakiya a jikin tukwane 18 da ake tace ruwan, suka kunna suka fice. Kimanin kilo 500 na ruwa mai nauyi ya malale. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, ba a kuma rasa rai ba. Sun bar wata bindiga irin wadda sojan Birtaniya ke amfani da ita a wurin da gangan, don kada a huce a kan mutanen gari. Duk da dubban sojojin da aka baza nemansu dukansu sun tsira, biyar daga cikinsu ma suka yi tafiyar kusan kilomita 400 a kan ƙanƙara har ƙasar Suwidin.

To amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Cikin 'yan watanni Jamusawa suka gyara wurin, aiki ya ci gaba. Ranar 16 ga Nuwamba, 1943, jiragen Amurka fiye da ɗari suka yi wa yankin luguden wuta, inda fararen hula 'yan Norwe sama da 20 suka mutu, alhali sashen tace ruwan, wanda ke can ƙarƙashin gini, bai sami wata mummunar illa ba. Gwamnatin Norwe da ke gudun hijira a Landan ta nuna fushinta, domin ba a shawarce ta ba. Daga nan Jamusawa suka yanke shawarar kwashe abin da ya rage zuwa ƙasarsu. Ranar 20 ga Fabrairu, 1944, Knut Haukelid, ɗaya daga cikin mutanen Ronneberg da ya tsaya a Norwe, tare da abokan aikinsa, suka nutsar da jirgin fito mai suna Hydro a tafkin Tinn, a wurin da zurfinsa ya wuce mita 400. Mutum 18 suka mutu, 14 daga cikinsu 'yan Norwe ne waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Abin da aka tarar bayan yaƙi

Duk wannan jini an zubar da shi ne a kan zaton cewa Jamus tana dab da yin bam. Amurka ta kafa wata tawaga ta musamman mai suna Alsos, wadda ke bin sahun sojoji tana kwashe takardu da masana. A watan Nuwamba na 1944, a birnin Strasbourg, babban masanin tawagar, Samuel Goudsmit, ya karanta takardun da suka nuna masa cewa Jamusawa suna can baya ƙwarai. A watan Afrilu na 1945 aka tarar da tukunyarsu ta gwaji a cikin wani kogo a garin Haigerloch, wadda suka gwada da curi 664 na yuraniyom, amma ba ta taɓa kama aiki ba ko sau ɗaya. Amurka kuwa tun ranar 2 ga Disamba, 1942, Enrico Fermi ya tayar da tata tukunyar ta girafait a birnin Chicago, wato tun kafin su Ronneberg su taka ƙasar Norwe.

Ashe tun tsakiyar 1942, bayan ganawar da Werner Heisenberg da sauran masana suka yi da ministan makamai Albert Speer, gwamnatin Jamus ta ɗauka cewa bam ɗin ba zai samu ba kafin yaƙi ya ƙare, ba ta kuma zuba wa shirin dukiyar kirki ba, a daidai lokacin da Amurka ke shirin kashe kusan dala biliyan biyu a kan nata, da ma'aikata fiye da dubu ɗari. Bayan yaƙi aka tsare masanan Jamus goma a wani gida mai suna Farm Hall a Ingila, aka naɗi hirarrakinsu a asirce, amma ba a saki rubutun hirar ga jama'a ba sai 1992, wato bayan shekara 47. Kafin nan kuwa an riga an yi fim ɗin The Heroes of Telemark a 1965, cike da harbe-harben da ba a yi ba a daren. Babu mai musun jarumtakar samarin nan, kuma ƙarancin ruwa mai nauyi ya kawo wa gwaje-gwajen Jamus cikas. Amma maganar da ake yawan yi cewa mutum tara ne suka hana Hitila mallakar bam, takardun tarihi ba su goyi bayanta ba.

Osirak: harin da har yau ake gardama a kansa

Bayan shekaru talatin da 'yan kai sai fagen ya koma Gabas ta Tsakiya. A tsakiyar shekarun 1970 Faransa ta amince ta gina wa Iraƙi tukunyar bincike mai suna Osirak a Tuwaitha, kusa da Bagadaza. Isra'ila ta yi zargin cewa bam ake nufi. A watan Afrilu na 1979 nakiya ta tashi a wata ma'ajiya da ke La Seyne-sur-Mer a kudancin Faransa, ta lalata sassan tukunyar da ke jiran jirgi. A watan Yuni na 1980 aka tsinci gawar Yahya al-Mashad, masanin nukiliya ɗan Masar da ke wa Iraƙi aiki, a ɗakinsa na otal a birnin Paris. Babu ƙasar da ta ɗauki alhaki, ko da yake yatsu da yawa sun nuna hukumar leƙen asirin Isra'ila, wato Mossad. Iran ma ta kai wa wurin hari da jirage biyu ranar 30 ga Satumba, 1980, ba ta yi wata ɓarna mai yawa ba.

Ranar 7 ga Yuni, 1981, jiragen Isra'ila takwas ƙirar F-16, da rakiyar wasu shida ƙirar F-15, suka ratso sararin samaniyar Jodan da Saudiyya suna tafiya ƙasa-ƙasa, suka rugurguza tukunyar cikin ƙanƙanin lokaci. Sojojin Iraƙi goma da wani ma'aikaci Bafaranshe suka mutu. Firayim Minista Menachem Begin ya fito fili ya ɗauki alhaki, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya yi tir da harin a ƙuduri mai lamba 487, har da ƙuri'ar Amurka.

A nan ma abin da ya biyo baya ya saɓa wa zato. Tukunyar Osirak tana ƙarƙashin sa-idon masu bincike na duniya, masana da dama kuma sun ce ba ta dace da yin fulutoniyom mai yawa a ɓoye ba. Bayan harin ne Saddam Husaini ya ɗora wa masani Jafar Dhia Jafar aikin kafa shirin tace yuraniyom na sirri, mai dubban ma'aikata, a wurare daban-daban, wanda duniya ba ta san girmansa ba sai da masu bincike suka shiga ƙasar bayan Yaƙin Tekun Fasha na 1991. Masu goyon bayan harin suna cewa ba don shi ba da Saddam ya shiga Kuwait a 1990 da bam a hannunsa. Masu suka kuma suna cewa harin ne ya tura shirin ƙarƙashin ƙasa, ya ƙara masa kuɗi da ƙaimi. Ko wane ɓangare mutum ya bi, ginin ne ya rushe, masanan da niyyar shugabansu suna nan.

Harin da aka yi shiru da shi, da wanda ba a kai ba

Ranar 6 ga Satumba, 2007, jiragen Isra'ila suka rushe wani gini a al-Kibar da ke lardin Deir ez-Zor na ƙasar Siriya. Wannan karon Isra'ila ta ja bakinta ta tsuke, ta kuma hana jaridunta magana. Siriya ta ce ginin soja ne wanda ba a amfani da shi. Tsawon watanni jaridun duniya suna ta canke-canke, wasu su ce makaman Hizbullahi ne, wasu su ce kayan nukiliya ne daga Koriya ta Arewa. A watan Afrilu na 2008 Amurka ta fito da hotuna tana cewa tukunya ce da aka gina da taimakon Koriya ta Arewa, a 2011 hukumar nukiliya ta duniya ta ce bisa dukkan alamu haka ne, amma Isra'ila ba ta amsa cewa ita ta kai harin ba sai watan Maris na 2018. Shirun nan dabara ce, domin ya ba shugaba Bashar al-Assad damar kauce wa ramuwa ba tare da ya ji kunya a gaban jama'arsa ba.

A yankin Kudancin Asiya kuwa raɗe-raɗin ne ya yi aiki ba tare da an kai harin ba. A shekarar 1984 labari ya bazu cewa Indiya, wataƙila da haɗin bakin Isra'ila, tana shirin afka wa cibiyar tace yuraniyom ta Pakistan da ke Kahuta. Pakistan ta ƙarfafa tsaron wurin, Indiya kuma ta san cewa nata cibiyoyin da ke kusa da birnin Bombai ba su fi ƙarfin ramuwa ba. Wannan tsoron juna shi ya kai Rajiv Gandhi da Benazir Bhutto ga yarjejeniyar 31 ga Disamba, 1988, wadda ta haramta wa kowace ƙasa kai hari kan cibiyoyin nukiliyar 'yar uwarta. Daga 1992 suka fara musayar jerin sunayen cibiyoyinsu a ranar farko ta kowace shekara. Yarjejeniyar ba ta hana su gwada bama-bamansu a watan Mayu na 1998 ba, amma ta toshe wata ƙofa da yaƙi zai iya shigowa ta cikinta.

Lokacin da zaton ya taɓo Nijar

Zato a kan kayan nukiliya yana iya wuce harin dare ɗaya, ya zama hujjar yaƙi sukutum, kuma a nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Jamhuriyar Nijar tana haƙar yuraniyom a yankin Arlit tun 1971. A farkon wannan ƙarni wasu takardu suka ɓulla ta ƙasar Italiya, suna nuna wai Nijar ta amince ta sayar wa Iraƙi tan 500 na garin yuraniyom. Amurka ta tura tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai a watan Fabrairu na 2002, ya dawo ya ce bai ga alamar an yi cinikin ba. Duk da haka a watan Janairu na 2003 shugaba George Bush ya faɗa wa majalisar dokokin ƙasarsa cewa Saddam ya nemi yuraniyom daga Afirka. Ranar 7 ga Maris, 2003, shugaban hukumar nukiliya ta duniya, Muhammad al-Barada'i, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Ɗaya daga cikinsu ma tana ɗauke da sa-hannun wani ministan harkokin waje da ya bar kujerar tun fiye da shekara goma kafin ranar da aka rubuta a kanta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ƙurewarsa ba ta hana mamaye Iraƙi bayan mako biyu ba, ba a kuma sami makaman da aka je nema ba.

Kammalawa

Idan mai karatu ya jera waɗannan labarai zai ga cewa shirin nukiliya abu ne da ake yi a ɓoye, don haka wanda ke jin tsoronsa yakan ɗauki mafi munin zato ya yi aiki da shi. Wani lokaci zaton yakan dace, kamar yadda alamu suka nuna a al-Kibar. Wani lokaci yakan zarce gaskiya nesa ba kusa ba, kamar a Jamus ta 1943 da Iraƙi ta 2003. Masu biyan kuɗin kuskuren kuwa su ne irin fasinjojin jirgin Hydro, waɗanda suka fito tafiyarsu ranar Lahadi ba su koma gida ba.

Haka nan labarin farko da ke fita bayan hari yakan fito ne daga bakin mai buƙata, ko wanda ya kai harin yana son a ce ya gama aiki, ko wanda aka kai wa yana son a ce ba a taɓa shi ba. Hirarrakin Farm Hall sun yi shekara 47 a kulle, Isra'ila ta yi fiye da shekara goma kafin ta amsa harin Siriya, shirin sirrin Iraƙi ya yi shekara goma kafin a bankaɗo shi. Saboda haka duk lokacin da aka sake jin cewa wasu sojoji sun kutsa wata ƙasa, ko suna shirin kutsawa, don ɗauko yuraniyom ko lalata shi, ya kamata a tambayi wanda ya faɗa, da ribar da zai samu in an yarda da shi, sannan a saurari abin da takardu za su nuna ranar da aka buɗe su.